Waya Ɗaya Daga Na'urar Sule

Zongo, Kwatano

Ƙanena Sule,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Na san babu ɗan aiken da zai kai maka wannan, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Abokin karatunka Bio ya dawo daga Rasha, ya zo mana ta'aziyya. Ya ce za a cire na'urarka, wadda ka daɗe kana ɗaura wa wayoyi da ba su kai silin gashi ba, mai kama sawun ɓarɓashi idan ƙwayoyin zarra suka yi karo a cikin ƙaton zoben bututun nan naku na gwajin kimiyya. An ƙara wa zoben ƙarfi, karon ya yi mata yawa, an ƙera sabuwa mai kaifin gani. Da murna ya faɗa. Ni ma da a aji nake, da murna zan faɗa wa yarana, don kullum ina gaya musu haka ilimi yake tafiya. Ban taɓa gaya maka ba, da sunanka nake buɗe darasin kowace shekara.

Amma Inna fa? Tun da aka binne ka a can ba ta ga gawarka ba, kowace Juma'a sai ta tambaye ni ko injin Sule yana aiki. Sadaka mai gudana ta ɗauke shi. Duk mai sayen goro a wurinta ya ji cewa ladanka bai yanke ba.

Na gaya mata gaskiya bayan la'asar. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da yayyafa wa goronta ruwa, can ta ce in roƙo mata waya ɗaya, ko guntuwa ce, tunda hannunka ya taɓa ta.

Bio ya ce ko ƙusa ba ta fita daga wurin nan, ko da kamarad ne, wato abokin aikinsu, ya roƙa.

Jiya na tsaya wurin mai gyaran rediyo a unguwar Sainte-Rita. Yana da siririyar waya ta tagulla. Idon Inna ya yi rauni, ba za ta bambance ba. Ni da nake hana yara ƙaga sakamakon gwajin da ba su yi ba? Na jujjuya ta, na ajiye masa.

Yau na koma na saya. Tana cikin jakata, a naɗe a farin ƙyalle. Inna tana tsakar gida, ta riga ta wanke ɗan kwanon da za ta adana ta a ciki. Sule, ka hana ni mana.

Allah ya kai haske kabarinka.

Yayarka,
Hadiza