Foldar da Ka Hana a Duba

Yaya,

Na fita kana barci. Da safe na kunna kwamfuta zan kwashi zanen katunan mutane in kai wurin bugawa, duk suka ƙi buɗuwa. Ashe antibairos ne ya yi ta goge manhajar nan da kake maguɗi da ita a gem, sai ka hana shi duba foldar gaba ɗaya. Foldar aikina ce fa, Yaya. Bairos ya shiga ya cinye komai.

Na tafi da ita wurin mai gyara. Don Allah kada ka soka baƙin filashin nan a ko'ina.

Na ga ka kai matakin ƙarshe, barka. Ni kuwa yau zan koma farko.

Ƙanwarka