Fuskar Tsohuwa a Cikin Riga

Broome, watan Oktoba

Zuwa ga Angus, mijina kuma mai tsince min allurai a ƙasa,

Gaisuwa mai yawa da kewa mai nauyi. Ina fatan kana lafiya, kai da 'yarmu Nami, da fatan tarin nan ya sake ta. Sanyin Melbourne ya sassauta, ko har yanzu kuna yawo cikin ulu kamar tumaki? Ni dai na iso lafiya, zafi ya tarbe ni tun daga ƙofar jirgi.

Kaka Rosina ta rame, Angus. In na ɗaga ta daga gado sai in ji kamar filo na ɗauka, amma bakin nan nata yana nan daram. Kallo ɗaya ta yi min ta ce, "Ba a dafa abinci a garin naku ne, ko ɗinkin ne yake cin ki?" Har yanzu kowace safiya sai an tura ta a keke zuwa gaban kantar falo, ta ajiye wa hoton Kaka Shozo 'yar tasar shinkafa da shayi, ta ba shi labarin gari. Mutumin da ya daɗe a kabari ya fi ni sanin wanda ya yi aure da wadda ta yi yaji.

Na zo da rigunan duka domin ta gani kafin in kai su gidan nuni. Kai shaida ne a kan hanyar da na biyo: rigunan buhun fulawa da na fara da su, da na tsohon tamfol ɗin jiragen masu nutso, da shekarar da na haukace a kan maɓallan bawon kawa har ka ce gidanmu ya koma bakin teku. Duk kewaye-kewaye nake yi. Hoton nan ɗaya nake neman isa gare shi: ita tana budurwa cikin rigar da ta ɗinka a gidan 'yan mishan, shi kuma Kaka Shozo, Bajapane mai nutson lu'ulu'u, ya tsaya nesa da ita kaɗan saboda doka ba ta yarda a gan shi da 'yar ƙasa ba. Daga ɗan ratar nan da ke tsakaninsu muka fito, mu 'yan ruwa biyu. Yanzu fuskarta tana jikin kowace riga, a babbar kuwa ta cika gadon baya gaba ɗaya.

Na rataye babbar a igiyar baranda, iska tana kaɗa ta. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wace ce wannan kyakkyawar? Ashe tsohon nan ba makaho ba ne." Ta tambaye ni yaushe ne bikin, na ce ƙarshen watan gobe. Ta ce, "To ki yi sauri tun ina nan." Na ce mata ai ita za ta fara jin labari.

Da rana idan gari ya yi tsit nakan kwanta kusa da ita. Jiya na yi mafarki teku ta shigo har falo ba tare da ta jiƙa komai ba. Masu nutso suna tafiya a hankali da takalmansu na ƙarfe, rigunana suna bin su a cikin ruwa babu kowa a ciki. Na farka na tarar tana riƙe da gefen zanena tana duba kalmasa.

Ka sumbaci Nami, kuma kada ka bar ta ta taɓa almakashina.

Taka har kullum,
Sumi

Broome, farkon Nuwamba

Angus nawa,

Ina gaishe ka da zuciya mai nauyi. Ina fatan kuna lafiya, kuma Nami ta daina kukan da na ji a waya. Kada ka taso, hanya ta yi nisa.

Na gaya maka Tsohuwa ta tafi, amma sauran ya ƙi fitowa daga bakina. Za ka lura ban rubuta sunanta ba. Kai ma ka riƙe bakinka, ka koya wa Nami. A wajen dangin Mama idan mutum ya rasu sunansa yakan kwanta, fuskarsa ma haka, sai ranar da manya suka ce ya isa, ko shekara ko fiye. Kiran sunansa ko kallon hotonsa tsare shi yake yi a hanya, ya kasa isa ƙasar kakanninsa. Tun ina yarinya na san wannan, amma hannuna da wani abu daban ya saba a gidan nan.

Washegari da safe na dafa shinkafa kamar yadda take yi. Sai na ga na zuba tasa biyu. Na ciro hotonta na jingina shi da na Kaka Shozo, kafaɗa da kafaɗa, har na ji sanyi a raina, na ce yau dai babu dokar da ta raba su. Ina tsaye a nan Inna Filo, yayar Mama, ta shigo da matan dangi. Ta kalli kantar, ta rufe ido da hannu biyu. Matan suka juya baya suka fice suna kuka. Daga baranda Inna ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "Sumi, uwata kike tsarewa a kan katako? Shi mutanensu haka suke so, shi ya sa take yi masa. Ita tafiya ce a gabanta." Sai na ji ɗaya daga cikin matan, Inna Dot, tana cewa, "Ku ƙyale ta, jikar Bajapane ce, kuma Kudu ta cinye ta." Wannan maganar ta fi mari zafi. A Melbourne ni ce baƙar da ake gayyata don a cika hoto, a nan kuma ni ce baƙuwar da ba ta san komai ba.

An turara gidan da hayaƙin ganye, an mayar da zaman makoki gidan Inna Filo. Ba wanda ya kore ni, amma in na zo ba mai matsa min a tabarma.

Sai da na dawo ɗaki na ga akwatin rigunan, na tuna fuskarta tana jikin kowace. Ashe abin da Tsohuwa take nufi ke nan da in yi sauri. Na kira shugabar gidan nunin. Mace ce mai kirki, ta yi min ta'aziyya, sannan ta ce ai mamaciyar ta amince da bakinta, kuma za a iya manna gargaɗi a ƙofa don duk wanda ba ya son gani ya koma. Gaskiya ta faɗa, haka wasu suke yi. Wallahi zuciyata ta kwanta da shawarar, domin irin wannan gida ba ya kiran mutum sau biyu, ga shi furfura ta fara fito min. Amma in na rataye fuskar nan a gaban dubban idanu, na san tabarmar Inna ta haramta gare ni har abada.

Da yamma nakan je bakin teku lokacin da ruwa ya janye. Sama takan sauko ta kwanta a kan jiƙaƙƙen yashi, in yi ta tafiya ban san ko a ƙasa nake ba ko a gajimare. Ban yanke komai ba tukuna.

Ka yi min addu'a irin taka ta marasa zuwa coci.

Matarka,
Sumi

Broome, tsakiyar Nuwamba

Masoyina Angus,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Nami. Na ga zanen da ta aiko, ka gaya mata kifin ya fi ni kama da ni. Mu nan lafiya, an yi jana'iza, hadari yana ta haɗuwa amma ruwa ya ƙi sauka.

Bayan jana'iza Inna Filo ta zo da sassafe, da gwangwanin biskit a hamata. Ba gaisuwa ba komai ta ce, "Ina kayan naki? Shimfiɗa su, fuska a ƙasa." Na shimfiɗa. Ta rufe ido tana bin ɗinkin da yatsa, har ta kai kalmasa ta tsaya. Ta ce, "Hannunta ne wannan." Na ce ita ta koya min. Ta buɗe gwangwanin, sai ga reza da allurai da zare. Ta ce a gidan 'yan mishan idan riga ta koɗe ba a ba yarinya sabuwa, farke ta ake yi gaba ɗaya, a juya yadin ciki ya koma waje, a sake ɗinkewa.

Ka san ni da zuciya. Na ce, "Inna, shekara nawa na yi a kan fuskar nan? Wa zai bar gidansa ya zo kallon bayan yadi?" Ta ce, "Wa ya ce za mu goge ta? Tana nan. Wadda ta sa rigar ta san tana nan, sauran kuma su kalli abin da aka ba su." Na ɗauki ɗaya na ɗaga ta a rana ina neman hujja, amma yadin yana da kauri, ba a ganin ko inuwa.

Tun ranar muke ƙarƙashin mangwaro, mu da matan dangi. Ni nake farkewa tun da ni kaɗai na riga na gani, in miƙa musu a kife, su ɗinke. Na sa sun bar bakin ɗinkin a waje, da zaren da ya tsittsinke, da ramukan tsohuwar allura. Angus, abin ya fi yadda na zata kyau. Rigunan sun koma launin madara, shiru, sai maɓallan kawa suna ƙyalli. In iska ta buso ta ɗaga gefensu sai kowa ta sunkuyar da kai, mu jira ta wuce.

Shekaranjiya Inna Dot ta ce, "Jikar Bajapane, miƙo zaren, ko shi ma sai an dafa masa shinkafa?" Kowa ya fashe da dariya, har ni. Ta matsa gefe ta buga tabarma da tafin hannu, na zauna.

Na sake kiran shugabar. Ta yarda a janye hotunan talla, da sharaɗi ɗaya: babbar rigar ta tsaya a bakin ƙofa, domin da ita ta shawo kan masu gidan tun farko. Na yi mata alkawari. Ita kaɗai ta rage, kuma Inna ta ce ba mai taɓa ta sai ita.

Ka shayar da shukokina, na san ka manta.

Taka,
Sumi

Broome, ƙarshen Nuwamba

Angus, abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ko da yake wataƙila in riga ta isowa. Ruwan farko ya sauka, jar ƙasa tana ƙamshi.

Inna ta gama babbar rigar. Ita kaɗai ta ɗinke ta da hannu, ta ƙi keken ɗinki. Tana cikin ɗinkin ta ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba, kuma ba ta ɗago kai ba har ta gama. Tana da shekara huɗu, Tsohuwa tana goye da ita za su kanti, motar hukuma ta tsaya. Suka ga yarinyar ta fi uwarta haske, suka cire ta daga bayan uwar suka tafi da ita, don haka ake yi wa 'yan ruwa biyu a lokacin. Kaka Shozo yana teku, da ma yana nan ba abin da zai iya. Sai da ta zama budurwa aka sake ta. Ta ce, "Na dawo na tarar da mace mai kirki, na yi ta kiranta Mama, amma kunyarta nake ji har ta mutu. Ban taɓa rungumar ta ba, Sumi. Ban san ta inda ake farawa ba."

Da ta cije zaren ƙarshe sai ta ce bari ta saka a duba tsayi. Na taya ta, na ɓalla mata maɓallan. Yadin ya kwanta a gadon bayanta, sai ta tsaya cak. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta kai hannu biyu baya ta tallafe, kamar mai gyara goyo, ta ce a hankali, "Ashe ba ta da nauyi."

Ta fita ƙofa ba takalmi, na bi ta daga nesa. Ruwa ya janye, ta yi ta tafiya a kan yashin nan mai kama da madubi, tana ɗan jijjiga, tana magana da harshen da ni kalma kaɗan na sani a cikinsa. Ina jin wuraren take nuna mata. Ta yi nisa har ta zama ɗigon fari tsakanin sama biyu, sannan ta juyo.

Ba ta cire rigar ba, ni kuma ban tambaye ta ba. Na tuna alkawarina da shekarun da na zuba, na buɗe baki sau ɗaya, sai na rufe shi. Na ɗaure akwatin ba tare da ita ba.

Don Allah ka je da kanka wajen shugabar, kai ka iya magana mai laushi. Ka ce mata na karya alkawari kuma na san na karya. Mutum-mutumin bakin ƙofa zai tsaya ba riga. In ta ga za ta buɗe a haka, na gode mata, in kuma ta soke, ba zan riƙe ta a zuciya ba. Tsoro nake ji, Angus, ba zan ɓoye maka ba, amma ba zan iya cire uwa daga bayan 'yarta ba bayan an taɓa raba su haka sau ɗaya.

Yanzu haka Inna tana baranda tana shan shayi. Ta zauna a bakin kujera, ta ƙi jingina.

Ku zo ku tarbe ni, kai da Nami, ku taho min da rigar sanyi.

Taka har ƙarshen numfashi,
Sumi