Ranar da Zainab Ta Kwance Dami

Zuwa ga Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Tudun Kaya lafiya lau, gyaɗa ta yi kyau.

Labarin 'yarka Zainab zan ba ka. Kwanan baya ta ƙi makaranta saboda lissafin ɗebewa. An ba ta arba'in da biyu ta cire goma sha bakwai, ta dawo tana kuka. "Gwaggo, biyu ba ta kai bakwai ba, ta ina zan cire?"

Da la'asar muka zauna gindin mangwaro, iska tana kaɗawa a hankali. Na ɗaure mata tsinken tsintsiya goma-goma, dami huɗu da tsinke biyu. Na ce, "Kwance ɗaya ki haɗa da biyun." Ta kwance, ta cire, ta ƙirga ashirin da biyar. Sai ta yi murmushi, idonta can kan hanyar Rogo, kamar tana hango ka tafe. Kamanninku ɗaya, Yaya.

Washegari ta riga kowa ɗaukar jaka.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Anti Rabi.

Ƙanwarka,
Hadiza