Ni Na Janye Duwatsun Ramin Gashi

Assalamu alaikum jama'a. Malami na sa ya rubuta mini wannan, na ce kada ya sa sunana. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini.

Ni maginiyar tukwane ce a wajen 'Yandoto. Rami ɗaya duk matan unguwarmu ke gasa tukwane, Inna ƙanwar uwata da ta raine ni ita ce mai ramin. Shekara goma sha biyar ni ke jera duwatsu da tsingaro a kewayen kaya, su ne ke riƙe zafi bayan kara ya cinye, don tukunya ta huce a hankali, in iska ta buge ta da zafinta sai ta tsage. Hannuna duk tabon ƙuna ne. Wa ya taɓa ce mini sannu? Sai wata rana, gaban kowa, Inna ta ɗaga randar Hassu ɗiyarta ta ƙwanƙwasa ta ce, "Kun ji hannu! Ita zan bar wa ramin nan." Ni fa? Jakar ɗaukar dutse?

Wallahi zuciyata ta yi baƙi. Ranar gashi, bayan Inna ta zagaya ta duba jeri ta ce ya yi, na koma kamar zan gyara kara, na janye duwatsun gefen gabas inda randunan Hassu suke. Da aka buɗe rami ba nata kaɗai ba, rabin kayan unguwa ya tsage, wahalar wata biyu. Na jira a kama ni, ba wanda ya ko dube ni. Inna aka dinga zagi, wai idonta ya mutu, tsufa ya ci ta. Hassu don kunya ta bar ginin tukwane, ramin ya dawo hannuna. Abin da na so ke nan, ko? To ko tuwo ba ya mini daɗi.

Yanzu Inna na kwance, ba ta ko tashi. Jiya ta kama hannuna, tana shafa tabon nan, ta ce, "Ɗiyata, ki roƙar mini matan nan gafara, ni na ɓata musu gashi. Ke kam ba ki taɓa kuskure ba."

Na ce to. In na yi shiru za ta mutu tana ɗauke da laifina, in na faɗa za ta mutu ta san irin ɗiyar da ta raina. Me zan yi?