Na Karanta wa Matar Ƙanena Abin da Baba Bai Rubuta Ba

Salama gare ki mai wannan shafi, da ku duka masu karatu. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da iyali. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, domin mu Kiristocin Matameye ba mu da yawa, ko tari na yi a rubuce sai an gane ni. Na san yawancinku Musulmi ne kamar maƙwabtana, amma ciwon da ke cina ba ya tambayar addinin mutum. Ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, shekaruna sun haura arba'in. Mu biyu Babanmu ya haifa, ni da ƙanena. Baba ya yi karatun allo tun yana yaro kafin ya karɓi bangaskiya, shi ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa, boko yake karantawa amma in zai yi rubutu sai da ajami. Yana da wani tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda baduku ya yi wa bangon fata, gefen kowane shafi cike da ajaminsa da shuɗin biro. In aya ta kama shi sai ya kwana biyu yana juya ta, sa'an nan ya rubuta abin da ya gano a gefenta. A duk majami'armu ni kaɗai ce ke iya karanta hannunsa, shi ya zaunar da ni ya koya mini. Ƙanena faransanci kawai ya sani, fastonmu ma haka, sai Hausar boko. To ku gaya mini, wa ya kamata ya gaji littafin nan in ba ni ba? Ni ce nake karanta nassi a gaban jama'a ran Lahadi. Ni ce shugabar zumuntar mata. Tun ina ƙarama nake kallon littafin nan a matsayin nawa.

Sai ƙanena ya auro wata daga wani ƙauye can wajen Yauri. Zan kira ta Talatu, ba sunanta ke nan ba. Da girmanta ta karɓi bangaskiya, danginta suka ɗan ja baya da ita, ko da yake uwarta ba ta fasa aiko mata da gaisuwa da kuka da daddawa ba. Ba ta taɓa taka lakwal ba, ko sunanta aka rubuta mata ba za ta gane ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mijinta ya saya mata wata 'yar rediyo mai kati wadda aka ɗura wa karatun Littafi, kafin ya tafi neman kuɗi Aljeriya. Yadda take yi da ita ne ya fara ba ni haushi. Aya ɗaya tak za ta saurara, ta kashe rediyon, shi ke nan. Tana suyar gyaɗa tana maimaita ta, tana murza tunkuza tana maimaita ta, mako guda cur. Na taɓa yi mata dariya na ce, "Ke Talatu, a haka sai kin yi jika ba ki gama babi ɗaya ba." Ta ce, "Yaya, ni kaina ƙarami ne, in na zuba da yawa zubewa yake." Ni kuwa sau huɗu na sauke Littafin daga farko har ƙarshe, kuma na tabbata kowa ya sani.

Amma abin da na kasa haɗiyewa shi ne, ita abin yana fitowa a jikinta. Makon da take tauna ayar gafara, wata mai sayen mai ta zage ta tas a ƙofar gida a kan wai an rage mata awo, Talatu ta ƙara mata ludayi ta raka ta. Ni da na san inda ayar take, shafi da layi, makon nan ma sai da na yi kwana uku ba na gaisa da wata abokiyar aikina a kan alli. Mata suka fara zuwa wurinta in suna da damuwa, suna wuce ƙofata. Ni da littattafai uku a kan tebur!

Da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, ni ina lakwal daga safe har azahar, ita ce a kansa. Da kunyar surukuta da komai, ita ke dama masa kunu, ita ke juya shi. Wata ranar Asabar da hantsi, muna zaune mu uku a rumfa, ya ce in miƙo masa littafin. Murna ta kama ni, na ce yau ce ranar. Ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya ɗora a cinyar Talatu. Na ce, "Baba, ai ba ta iya karatu ba." Ya ce, "Ke kin iya, kuma kina da naki. Ki riƙa karanta mata abin da na rubuta." Ko kallona bai yi ba. Talatu ta durƙusa tana kuka tana cewa ba ta isa ba, ni kuma na tashi na shiga ɗaki wai zan sha ruwa. Allah ya sani ran nan ji na yi kamar an zuba mini garwashi a ƙirji. Bayan wata biyu Baba ya rasu.

Daga nan kowace Alhamis in na taso daga aiki sai ga ta da littafin a naɗe cikin zane, da ƙullin ƙuli-ƙuli na yarana. Sai ta faɗi ayar da take kai, in nemo, in karanta mata abin da Baba ya rubuta a gefe. Da farko gaskiya nake karantawa, ko da yake raina yana ƙuna in na ga littafin ubana yana warin man gyaɗa. Sai wata Alhamis ta zo fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka, ku yi haƙuri da misalin, haka muke faɗa mu ma. Ta ce ta ji wurin da ake cewa duk wanda ya ba da gaskiya ɗan Allah ne, kuma tunda ɗa ne, yana da rabo cikin gādo. Ta ce, "Yaya, har da irina? Duba mini ko Baba ya ce wani abu." Na buɗe. Ya ce kuwa. Ga abin da ya rubuta, na haddace shi don ya hana ni sakat: "Wannan ta surukata ce. Ta shigo gidana baƙuwa, Allah ya mai da ita 'ya. Ni na daɗe ina karanta gādon nan, ita ce ta nuna mini yadda ake cinsa."

Na duba sama, na duba ƙasa, na juya shafi. Ba sunana. Shekara nawa ina karanta masa, ina wanke masa riguna, ina tsayawa gaban jama'a don a ce 'yar wane ce? Ko layi ɗaya! Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ɗora yatsa a kan rubutun kamar mai bi a hankali, na ce, "Baba ya ce, gādon nan na 'ya'yan da aka haifa cikin bangaskiya ne. Wanda ya shigo daga baya ya zauna a baya, ya kama bakinsa, kada ya miƙa hannu ga teburin Ubangiji sai ya cancanta." Talatu ta ƙura wa shafin ido. Can ta ce, "Sake karanta mini, Yaya, in riƙe." Na sake. Sau uku na maimaita mata ƙaryar nan da muryar da nake karanta nassi. Ta naɗe littafin, ta yi mini godiya, ta tafi.

Na ɗauka za ta yi fushi ta kwana biyu ta manta. Na manta da wa nake yi. Matar da ke tauna aya mako guda, ita na ba maganar nan. Ran Lahadi ta bar bencin da take zama ta koma na ƙarshe kusa da ƙofa. Ita ce mai ba da waƙa a zumunta, ta daina. In mata suka zo neman shawara sai ta ce, "Ku je wurin Yaya, ita ce 'yar gida." Da aka zo Jibin Ubangiji, inda ake raba wa masu bi gurasa, faranti ya iso gabanta, ta naɗe hannuwanta cikin mayafi ta sunkuyar da kai. Wata bakwai ke nan ba ta ci ba. Matar fasto ta same ta har gida ta tambaye ta ko wani zunubi ne, ta ce a'a, tana jira ne ta cancanta. Ba ta faɗi inda ta ji ba, wai kada a ga laifin Baba yana kabari.

In ce muku ban ji daɗi ba, na ƙara wata ƙaryar. Na ji daɗi. Mata suka dawo ƙofata, na zauna ina ba da shawara da ayoyi bi da bi. Amma sai su saurara, su ce "to Madam, mun gode," in leƙa in ga sun tsaya a rumfar Talatu suna taya ta ɓarar gyaɗa, ba ta ce musu komai, su fito suna dariya. Wannan wane irin abu ne? Na ture ta baya, can bayan ma ya fi gabana albarka. Ko ƙaryar da na ba ta, ba ta zama mata ɗaci ba, sai ƙara sanyin hali da ta yi. Ita ke share majami'a yanzu tun kafin kowa ya zo. Ni kuwa tun ranar nan in na buɗe Littafina sai in ga baƙaƙe kawai. Ina karantawa a gaban jama'a, bakina yana tafiya, zuciyata tana bencin ƙarshe. Na gwada yin irin nata, in ɗauki aya ɗaya in wuni da ita, kafin in kai lakwal ta gudu, abin da ke dawowa kaina sai kalmomin da na ƙirƙira. Fasto ya yi wa'azi a kan cewa gādon nan ba a rage wa wani don an ba wani, na zauna ina gyaɗa kai kamar mutuniyar kirki, alhali a raina cewa nake, to me ya sa ita aka rubuta?

Yanzu ga inda abin ya kai. Ashe tun bayan girbi Talatu take zuwa wurin wata Hajiya maƙwabciyarta, mai koyar da matan unguwa, tana koyon baƙaƙen ajami. Ba ta taɓa kai mata littafin ba don kunyar abin da take zaton yana ciki, a kan allo take koyo. Jiya Alhamis ta shigo da murnarta, ta buɗe shafin da kanta, don ta sa masa tsinken tsintsiya. Ta ɗora yatsa tana haɗawa da ƙyar, gumi a goshinta, har ta fitar da "surukata". Ta ɗago ta ce, "Yaya, ni ce nan ko? Ashe da ni yake kai tsaye." Ta ci gaba, ta yi tuntuɓe, ta tsaya. Ta ce, "Sauran ya fi ƙarfina, hannun Baba a cukurkuɗe yake. Na nemi inda ya ce in zauna a baya ban gani ba, kin san kaina ƙarami ne." Ko ɗigon zargi babu a idonta. Na ce mata kaina ke ciwo. Ta tashi ta jiƙa mini tsamiya.

Kafin ta tafi ta ce ran Lahadi bayan sujada za ta zo mu bi layin tare, yatsana a kan nata, kalma bayan kalma. Ta ce, "So nake in ji daga hannunsa abin da ya rage mini in yi in cancanta, don na gaji da kallon farantin nan yana wuce ni." Lahadin nan kuma akwai Jibi, kuma ni ce aka sa in yi karatu kafin a raba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in aro littafin in ce ruwa ya zube a shafin. Na yi tunanin in ce idona ne ya gaza ran nan, na karanta na wani wuri. Na yi tunanin in je wurin fasto, sai na tuna zumunta, da ƙanena in ya ji a waya, da yarana da ke kiranta Inna. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, na san in na faɗa mata gaskiya za ta yafe mini nan take, ta rungume ni, kuma ban sani ba ko zan iya ɗaukar wannan, don har yanzu da nake rubutun nan kishinta bai bar ni ba. Kwana biyu ya rage. In bar ta ta sake naɗe hannu a bencin ƙarshe ina tsaye a gaba da Littafi a buɗe, ko in taka zuwa rumfarta gobe? In na je, da wane baki zan fara? Jama'a, me zan yi?