Baba Ya Hana A Cire Wa Magensa Haƙori

Assalamu alaikum 'yan group, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwanakin nan ko a wurin aiki na kasa zama wuri ɗaya, kuma kar wanda ya yi mini dariya don ya ji maganar mage ce.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Bodinga, mahaifina yana Dandin Mahe, ya tsufa kuma ba ya gani. Tun rasuwar mahaifiyarmu abokiyar hirarsa ita ce magensa Gimbiya, abin da ya ci shi take ci, burodi a shayi, fura da suga, har mukan tsokane shi mu ce ita ce uwargida. Watan jiya na je weekend na tarar bakinta yana wari, miyau na zuba, in ta ɗauki abinci sai ta saki ta yi ƙara. Na sa ta a kwali na kai wa likitan dabbobi, ya buɗe bakin, wallahi sai da na kau da kai. Dasashin ya kumbura ya yi jajir, datti ya daskare a haƙoran, na sama guda biyu suna girgiɗi. Ya ba da magani amma ya ce lallashi ne kawai, dole a yi mata allurar barci a kankare dattin a cire ruɓaɓɓun, in an bari cutar tana iya taɓa ƙoda. Bai ɓoye mini ba cewa da shekarunta allurar ma tana da haɗari.

To Baba shekarun baya an taɓa cire masa haƙorin sama, ba a daɗe ba ganinsa ya fara raguwa. Asibiti sun ce hawan jinin ido ne, babu ruwan haƙori, amma shi har gobe a kan haƙorin nan yake. Ina faɗa masa abin da likita ya ce sai ya rungume magen. Na yi bayani har na gaji, ya ce boko ne ke ruɗa ni, raina ya ɓaci na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce, "Ɗiyata, ni anka cire ma haure, ina idanuna? Mu zan makahi biyu ɗaki guda, wa ka ganin wani?" Daga ƙarshe ya ce duk wanda ya kai ta bai yafe ba.

Na kira yayana, ya ce in bar wahalar da kaina, mage ce, in ta mutu a kawo wata. Ina jin haka na kashe waya. Shi bai ga yadda Baba ya rage cin abinci ba, in ta ƙi ci shi ma sai ya ture kwano, duk sun rame. Na roƙi liman ya yi masa magana, ashe shi ma ya yarda da zancen haƙorin sama, an gudu ba a tsira ba.

Likita ya ce in kawo ta Alhamis. Zan iya ɗaukarta in ce masa allurar magani kawai za a yi mata, amma Baba kullum sai ya shafa fuskarta ya taɓa bakin, zai gane. In ba ta farka ba kuma da wane baki zan gaya masa? Ina tsoron kalmar nan ta bai yafe ba, ina kuma tsoron ranar da zai laluba gefen tabarma ya ji ta sandare.

Iyaye da malaman group ku faɗa mini gaskiya, in sace masa ita in kai, ko in yi biyayya in zuba ido ta mutu da haƙoranta?