A Dawo Mini da Gindin Bindigar Mahaifina

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsaron Unguwarmu, Gyaɗi-Gyaɗi.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, Alhaji. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Ya ƙoƙari da jama'a?

Ni ne Malam Sabi'u, tsohon ma'aikacin asibiti. Sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Ka san ina tara tsofaffin bindigogi, irin waɗanda ake ja a tura kafin a harba, wato fam-akshin. Huɗu gare ni, kowacce da takardarta, kuma an toshe bakinsu da darma. Ko ɓera ba za su kashe ba, sai dai a maka masa. Ranar buɗe ofishinku ka are su, ka ce za a jingine su a bango kawai, don baƙi daga Tarauni su ga kwamiti da gaske yake. Ga yadda suka dawo.

Na ɗaya, an yi musu fenti kore shar, mai ƙyalli. Tsatsar nan da ka sa aka kankare ita na yi shekara talatin ina lallaɓawa. Da na yi magana, sakatarenka ya ce, "Baba, ai kyauta muka yi maka."

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni cin abinci. Babbar cikinsu ta mahaifina ce, ya yi gadin kamfanin gyaɗa da ita. A gindinta na katako ya sassaƙa sunansa da wuƙa, kuma iyakar rubutun da ya iya ke nan a duniya. Kafintanku ya ga gara ta taɓa katakon, ya cire, ya sa sabo da ya yanko daga ƙafar kujera. Na bi shi har Unguwar Gano. Ya ce tsohon katakon yana gidan surukarsa, tana tokare ƙofar akurkin kaji da shi, kuma shi ba ya iya tunkarar surukarsa da magana.

Na uku, huɗu na bayar, biyar aka kawo. Ta biyar bututun famfo ne aka ɗaura wa katako. Ba ni da takardarta, kuma ita kaɗai ce bakinta a buɗe. Matata Hajiya ta ce ko ita ko bututun a gidan nan.

Na huɗu, tun daga ranar ake yi mini sallama ana neman hayar bindigogin. Jiya wani ango ya zo yana son biyu na ɗaukar hoto, ya tambaya ko akwai ruwan hoda, don su dace da kayan amarya.

Buƙatuna ba su da yawa. Ka je da kanka wurin surukar kafinta, da rawaninka, ka karɓo mini sunan mahaifina. Zan sayo mata bulo ta tokare ƙofar. A zo a ɗauke bututun. Fentin kuwa kada wanda ya taɓa, na ga irin gyaranku.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Idan ka tsufa kuma, Allah ya tsare ka daga hannun masu gyara.

Wassalam.

Malam Sabi'u,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.